Baba Alhaji ya ce in sa hannu a kan rijiyar da ban gani ba

Wannan saƙon ya shigo min daren Lahadi daga wata yarinya 'yar unguwar Nima a Accra, Ghana. Na rage masa tsawo, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Salamu alaikum Anti. Shekarata 26, akanta na karanta a jami'a, bara na gama bautar ƙasa. Yanzu ni ke riƙe da littafin kuɗi a wata ƙungiya ta taimakon marayu da zawarawa wadda aminin babana ya kafa, Baba Alhaji muke ce masa. Shi ya biya min kuɗin makaranta na shekarar ƙarshe bayan rasuwar babana. Kuɗi na zuwa daga 'yan zango da ke Jamus da Amurka amma duk a MoMo ɗinsa, asusun kuɗi na waya, suke sauka. A rahoton da za a tura musu an rubuta rijiyar burtsatse biyar, ni uku na san an haƙa, sauran biyun hoto kawai na gani kuma wallahi kamar rijiya ɗaya ce aka sauya mata allo. Ya ce in sa hannu kafin Juma'a. Mma ta ce in rufa masa asiri yadda ya rufa mana, yayana kuma ya ce in fita harkar NGO gaba ɗaya in nemi banki. Ni kuwa aikin da nake so in yi a rayuwata ke nan, bin diddigin kuɗin ƙungiyoyi, da taimakon irin matan unguwarmu masu sabulu da ɗinki su tsaya da ƙafarsu. Dan Allah akwai ci gaba a wannan aikin? Kuma ya zan yi da Alhaji?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan babanki ya sa ya huta, Alhaji kuma Allah ya saka masa da alheri a kan kuɗin makarantar nan, wannan alherin ya riga ya faru ba mai goge shi ko me ya biyo baya.

Kar ki sa hannu. Na fara da shi ne dan Juma'a ta kusa, ko baki karanta sauran surutuna ba ki riƙe wannan.

Bari in baki labarin abin da ya same ni, ki san ba daga littafi nake miki magana ba. Tun zamanin tsohon kuɗi, kafin a yanke wa sidi sifili huɗu a 2007, ina ƙaramar akawu a wata ƙungiya da ba zan kira sunanta ba. An yi taron wayar da kan mata, kowacce za a bata kuɗin mota ta dangwala yatsa a takarda tunda yawancinsu basa rubutu. Ni ban je wajen taron ba, ranar ɗana ba lafiya muna asibiti. Washegari oga ya ajiye min takarda a tebur, sunaye sun cika shafi biyu kowanne da dangwalen shuɗin tawada a gefensa, ya ce sa hannu mu rufe fayil. Na sa. Bayan wata bakwai masu ba da kuɗin suka turo odita, wani dattijo siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya ko kaɗan, ruwan leda kawai ya nema ya zauna. Ya ɗauki takardar ya kai bakin taga yana ta kallo, can sai ya ce Madam zo ki ga wani abu. Akwai wani ɗan layi fari da ya ratsa tsakiyar dangwalen, irin tabon wanda wuƙa ta taɓa yanka a babban yatsa. Tabon nan yana suna na uku, yana na tara, yana na sha huɗu, haka har ƙasa. Mutum ɗaya ne ya zauna ya dangwale wa mata sama da ashirin. Dattijon bai ma tambayi wa ya dangwala ba, yatsansa ya ɗora a ƙasan shafin ya ce wannan sa hannun na waye? Oga a lokacin yana Tamale wai taro. Ni kaɗai a ɗakin, fanka na juyawa zufa na bin bayana. Ko pesuwa ɗaya ban ci ba a kuɗin nan, amma wata uku ina zarya ina amsa tambayoyi, kuma sai da na kusan shekara biyu kafin wani ya sake yarda ya damƙa min makullin akwatin kuɗi.

Toh kinga. In mai riƙe da littafi ta sa hannu, cewa ta yi na gani da idona, na tabbatar. Ranar da abu ya fashe Alhaji zai ce shi ba ɗan boko ba ne, yarinyar da ta je jami'a ita ke rubuta komai, kuma ba lallai ma da mugunta zai faɗa ba, tsoro ne zai sa shi.

Amma kuma ki tsaya ki tace abin da ke hannunki, dan na ga kin haɗa sani da zato a kwano ɗaya. Cewa kuɗi na sauka a MoMo ɗinsa, wannan kin sani. Rijiya uku, kin sani. Sauran biyun zato kike, kuma zato ko da ya zama gaskiya ba a tunkarar dattijo da shi. A shekarun da na yi ina duba littattafan ƙungiyoyi a zangunan Accra da Kumasi, ɓarayin gaske da na gani ba su da yawa, akwai su kam, amma mafi yawa mutanen kirki ne da aljihu ɗaya. Kuɗin rijiya ya shigo da safe, da azahar an kira shi wani maraya yana asibitin Korle Bu ana neman kuɗin aiki, ya tura. Da la'asar an yi rasuwa a gidan wata bazawara ba likkafani, ya tura. Da dare ya saya wa gidansa buhun shinkafa da niyyar in kuɗin shagonsa ya fito zai mayar, kuma wataƙila ya mayar, wataƙila ya manta, shi kansa ba zai iya faɗa miki ba tunda ba a rubuce yake ba. Ga kuma tsadar kaya. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, duk wanda ya yi wa mutanen waje alkawarin rijiya biyar a farkon shekarar ya san kuɗin ba su kai shi ba, siminti da famfo da tankin roba duk sun gudu sun bar shi. Da yawansu kunya ta hana su ce kuɗin bai isa ba, sai suka ɗauki hoto suka sauya allo. Ban ce hakan daidai ba ne. Ƙarya ce, kuma ƙaryar tana kan mutanen da wani ke wankin kwano a Hamburg wani ke tuƙin tasi a Bronx, sun tsame daga guminsu dan sadaka mai gudana ga iyayensu da suka rasu, an rubuta sunan mamacin a allo alhali ba ruwa a ƙasa. Abin da nauyi. Sai dai yadda zaki shiga maganar da wanda ya ruɗe daban yake da yadda zaki shiga da wanda ya shirya cuta, kuma ke har yanzu baki san wanne ne a gabanki ba.

Saboda haka kafin komai, je ki gani. Ki tambayi inda rijiyoyin biyu suke kamar mai cika fom, ki ce masu tallafi suna son adireshin GhanaPost GPS na kowacce, wanda dama ya kamata ya kasance a duk rahoton rijiya tun da aka kawo tsarin a 2017. Ki hau trotro ki je, ki buɗe famfon ruwa ya zuba a hannunki, ki ɗauki hoto ke ma a ciki, ki tambayi matan da ke ɗiban ruwa yaushe aka haƙa kuma wa ya haƙa. In rijiyoyin suna nan, alhamdulillahi, kin kuɓuta daga zargin bawan Allah kuma kin koyi aikinki. In an fara miki kwana-kwana, yau direba baya nan gobe hanyar ta lalace, toh kin samu amsa.

Yanzu maganar Mma. Kar ki ga laifinta, ita a idonta wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mace ce da mijinta ya rasu wani ya tsaya mata, bata son a ce 'yarta butulu ce a Nima inda kafin ki sauka daga mota a bakin kasuwa labarinki ya riga ki isa gida. Ki zauna da ita ki faɗa mata da harshen da zata ji: rufin asirin da zaki yi wa Alhaji shi ne kar wata rana a ga dattijo da furfurarsa ana shiga da shi ofishin EOCO, masu binciken laifukan kuɗi, ana ɗaukar hotonsa ana yaɗawa a WhatsApp. Yau ke kika lura da allon, gobe wani ɗan mai rijiyar zai sauko daga Jamus hutun sallah ya ce a kai shi ya ga rijiyar babansa. Wannan ranar tana zuwa, kullum tana zuwa.

Shi kuma Alhaji, dan girman Allah kar ki yi masa maganar a ofis gaban yara, kar ki rubuta masa ta waya, kar ki tura a guruf. Ki samu kawunki ko wani dattijo a danginku da Alhaji ke jin nauyinsa, ku je gidansa bayan la'asar, ki durƙusa ki gaishe shi yadda kika saba, a sha ruwa a yi hirar duniya tukuna. In an zo kan magana kar kalmar sata ko cuta ta fito daga bakinki, kar ma ki ce "kun yi". Ki ce Baba, sunana ne zai hau takardar nan, kuma a makarantar da ka biya min an koya min kar in sa hannu a kan abin da ban gani ba, ina tsoron ranar da za a tambaye ni in rasa amsa in ja maka abin kunya. Sannan ki miƙa masa mafita a hannu, dan dattijo in ka toshe masa duk ƙofofi faɗa zai yi da kai ko da ya san kai ke da gaskiya. Mafitar ita ce a rubuta rahoton yadda abin yake: uku an gama, biyu ba a gama ba, ga dalili, ga inda kuɗin ya tafi, ga lokacin da za a kammala. Zaki sha mamakin yadda masu tallafi ke karɓar irin wannan. Na sha ganin an faɗa musu gaskiya sun yi fushi kwana biyu sun ƙaro kuɗi. Wanda ban taɓa gani ba shi ne su kama ƙarya da kansu su sake turo ko sidi ɗaya.

In ya kawo miki maganar "ashe baki yarda da ni ba", dan zai kawo, duk suna kawowa, ki tuna masa a hankali cewa ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Akwai kuma labarin Ibnul Lutbiyya a Bukhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka bani, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Alhaji ya fi ki sanin waɗannan, ke tunatarwa kawai zaki yi, kuma gara kawun ya faɗa ba ke ba.

Daga nan sai gyaran gida, kuma a nan ne aikin da kike mafarki yake farawa, ba sai kin samu ofis mai sanyi a East Legon ba. Ki nemo takardun rajistar ƙungiyar ki karanta. Yawancin NGO a Ghana ana yi musu rajista ne a ofishin rajistar kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, a matsayin kamfanin da ba shi da hannun jari kuma ba a raba riba. Dokar tana son daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da odita, da rahoton shekara-shekara. Ki duba waye daraktan na biyu. Ina iya rantse miki ko Hajiyarsa ce ko wani abokinsa da ya sa hannu shekara takwas da suka wuce ya manta ma yana ciki. Bayan wannan akwai lasisi daga sakatariyar ƙungiyoyi marasa neman riba ta gwamnati, shi ma sabunta shi ake yi, ba a rataye shi a bango a manta. Yafe haraji kuma ba ya zuwa haka kawai dan kun ce ku masu taimako ne, sai hukumar haraji ta GRA ta amince a rubuce, kuma ko ta amince harajin albashin ma'aikata yana nan. Ke kanki ana biya miki kuɗin fansho na SSNIT? Kashi 13 cikin ɗari daga wajen wanda ya ɗauke ki aiki, 5.5 daga albashinki. In ba a biya, kinga ke ma kina cikin waɗanda ake bin haƙƙinsu.

Abu mafi gaggawa dai kuɗin su bar wayar Alhaji. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu kafin kuɗi ya fita, in MoMo ake so a yi na 'yan kasuwa da sunan ƙungiya. Wanda ya nemi kuɗi daban, wanda ya amince daban, wanda ya rubuta daban. Kowace boca da rasit a bayanta. Kuma a ware wani ɗan asusu na gaggawa wanda masu tallafi suka sani, dan marayan Korle Bu da likkafanin bazawara ba za su daina zuwa ba, in baki yi musu gurbi a tsarin ba Alhaji zai fasa tsarin a sati na biyu kuma a zuciyarsa shi ke da gaskiya.

In kuma kun je da kawu ya ƙi, ya ce ko ki sa hannu ko ki ajiye masa makulli, ki ajiye. Ki rubuta 'yar takarda gajera mai ladabi, ki ce ba zaki iya tabbatar da rijiya biyu ba saboda baki gansu ba, ki sa kwanan wata, ki ba shi ɗaya ki ba daraktan na biyu ɗaya ki riƙe ɗaya. Kar ki kwashi fayil ɗin marayu da hotunansu ki zuba a Facebook, yaran nan ba su yi miki komai ba, kuma daga nan ke za a fara tuhuma. In abin ya wuce ruɗewa, kin ga cuta ce tsagwaronta kuma ana ci gaba da karɓar kuɗin mutane a kanta, akwai dokar kare masu fallasa ta 2006, mai lamba 720. Abin da ke burge ni da dokar nan, ba 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ kaɗai ta lissafa ba cikin waɗanda za a iya kai wa magana, har da sarki, da babban dangi, da shugaban addini. Wato zuwa wajen sarkin zango ko babban limami ba tsegumi ba ne, hanya ce da doka ta sani. Kuma in an tsangwame ki saboda kin yi magana, CHRAJ ake kai kuka. Ba na fatan a kai nan.

Sai tambayarki ta ko akwai ci gaba. Akwai, amma ba zan shafa miki zuma a baki ba. Aikin NGO kwantiragi ne, shekara ɗaya, biyu, in tallafi ya ƙare kowa ya kama gabansa. A Janairun 2025 da Trump ya dakatar da tallafin Amurka, gwamnatin Ghana da kanta ta ce giɓin da rufe hukumar tallafin Amurka ta USAID ya bari ya kai dala miliyan 156, na san mutane masu digiri biyu da motar ofis da suka wayi gari suna gida. Yayanki ba wauta ya faɗa ba, yana son ya ga albashi na shigowa duk wata ne ya huta da ɗawainiya. Sai dai abin da shi bai hango ba, duk lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci masu bayarwa sun fi tsananta tambaya, kuma wanda ake riƙewa har ƙarshe a ofis shi ne wanda ya iya amsa ta. Haka bankuna. Tun da aka sa Ghana a jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ke sa wa ido a 2018, aka cire ta a 2021, banki ba ya wasa da kuɗin da ke shigowa ƙungiya daga waje, balle ƙungiyar Musulmi, sai an tambayi daga ina, na waye, na menene. Ƙungiyoyinmu na zango da yawa a nan suke maƙalewa, ba dan sun yi laifi ba, ba su da mai haɗa musu takarda ne kawai. Ke kuma kina jin Hausa, na tabbata kina jin Twi, kin san yadda ake durƙusa wa dattijo kuma kin san yadda ake daidaita littafi da bayanin banki. Masu wannan haɗin a Accra 'yan kaɗan ne.

Abin da zan ce ki yi, ki shiga jarrabawar ICAG, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Ghana, tun yanzu kina da ƙuruciya ba miji ba goyo, mataki uku ce, da wuya amma ita ke sa a daina ce miki "yarinyar da ke rubuta mana kuɗi". In kin samu gurbi a kamfanin odita ko ƙarami ne ki yi shekara biyu ko uku, albashin ba zai burge ki ba, za ki yi ta kwana kan fayil, amma a nan ido ke buɗewa, a nan ake koyon ganin tabon yatsa. Ki riƙa leƙa abin da WACSI ke yi, suna nan Accra suna horar da ma'aikatan ƙungiyoyi daga duk Afirka ta Yamma, ki bi ƙungiyoyi irin su STAR-Ghana da CDD-Ghana da Transparency International Ghana, wadda a da ake ce wa Ghana Integrity Initiative, ki karanta rahotanninsu ki ga yadda ake rubutu da hujja. Ki iya Excel sosai, ba iya buɗewa da rufewa ba. Kuma ki shirya wa wani abu da ba a faɗa a makaranta: mai wannan aikin ba a cika sonta ba. Za a daina hira in kin shigo, za a ce kin cika iyayi, za a yi walima a manta da ke. Ni har yau akwai gidan da in na je suna a ƙarshe ake miƙo min waakye.

Maganar matan sabulu da ɗinki ita ta fi faranta min rai a wasiƙarki, ita ce kuma nake jin tsoron ki shige ta da zuciyar NGO. Sana'ar da aka kafa dan amfanin jama'a, kasuwanci ce tukuna. In bata ci da kanta ba, wata shida ta mutu ta bar mata da bashi. Muhammad Yunus da bankin Grameen da suka samu kyautar Nobel a 2006, bashi suke ba matan karkara a Bangladesh ana biya, ba rabo suke ba. A nan gida ki dubi Trashy Bags, ledar ruwan da muke sha mu yar ta toshe kwata suke tarawa a wanke a ɗinka jaka a sayar, masu tara leda su samu, teloli su samu, amma in jakar bata yi kyau ba ba mai saye dan tausayi sau biyu.

Kwanaki na zauna da wata Hajiya a Mamobi mai sabulun ruwa, tana ta murna wai duk galan tana cin riba. Na ce kawo littafi. Babu, a ka yake. Muka ɗauki bayan kalanda muka fara: sinadaran da ta saya, ta faɗa. Turare, ta faɗa. Robobi? Au, ta manta. Ruwan da take saye? Ta manta. Kuɗin trotro zuwa Makola da dawowa, da kayayo da ta ɗauko mata kaya zuwa tasha? Shiru. Na ce ke kuma wuni guda da kika yi kina motsa shi bayanki na ciwo, nawa kika biya kanki? Ta yi dariya ta ce ana biyan kai ne? Da muka haɗa, ashe kusan kyauta take raba wa unguwa sabulu, kuɗin adashinta ne ke cike ramin bata sani ba. Wannan bayan kalandar shi ne aikin. Ki fara da mata uku, ba talatin ba. Ki koya musu raba kuɗin sana'a da na cefane, ko da gwangwani biyu ne. In abin ya fara tsayawa ki kai su ofishin Ghana Enterprises Agency, hukumar tallafa wa ƙananan sana'o'i, na yankinku, ki taya su neman rajistar hukumar abinci da magunguna ta FDA dan sabulu da man shafawa ba sa shiga manyan shaguna sai da ita. Kuma ki karɓi ɗan wani abu a hannunsu ko kaɗan ne, abin da aka ba mutum kyauta a zango ranar biki ake fara tsallake shi. In kuɗin tallafi ya shigo wannan harkar wata rana, littafinsa daban na ciniki daban, in ba haka ba ke ma nan da shekara goma wata yarinya zata rubuto min a kanki.

Yau Talata. Gobe Laraba kasuwar Nima ce hanya zata cushe, ki fita da sassafe ki je wajen rijiyoyin nan, ki tafi da ƙaninki ko wata ƙawa kar ki je ke kaɗai. Alhamis ku ga Alhaji da kawu. Duk yadda ta kaya ki rubuto min, kuma ki gaida Mma, ki ce Anti ta ce ta yi haƙuri ta bari ki je ki gani tukuna.